Lanƙwasa, Bugu da Ja: Yadda Turanci Ya Rarrabe Kalmomin Laushi da Sauƙin Sarrafawa

Matanin laccar da aka gabatar ga ɗalibai da malaman Turanci da masu aikin fassara

 

An nemi in yi magana a kan wasu kalmomin Turanci da ke ba ɗalibi wahala, suna ba mai fassara wahala, har ma wanda ya shekara da shekaru yana rubutu da harshen ba su ƙyale shi ba. Kalmomin su ne flexible, pliable, pliant, supple, malleable, ductile, plastic, elastic da resilient. Wanda ya buɗe ƙaramin ƙamus zai ga kusan bayani ɗaya aka yi musu duka: abu mai lanƙwasuwa, abu marar tauri, abu mai sauƙin sarrafawa. Daga nan sai ɗalibi ya ɗauka duk wadda hannunsa ya kai gare ta ta wadatar. Ba zai gane akwai matsala ba sai ranar da ya zauna rubuta wa wani takardar shaida, yana nufin ya yabe shi da sauƙin kai, ya kira shi pliable, alhali a kunnen Bature ya ce masa raƙumi da akala ne.

Abin da nake so mu tashi da shi a yau guda ɗaya ne. Kowace kalma cikin waɗannan daga wata sana'a ta fito, daga maƙera ko majema ko wurin ginin tukwane ko ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kuma har gobe tana ɗauke da halin wurin da ta fito. Wanda ya san aikin da aka fara yi da ita ba zai sa ta inda ba ta dace ba. Tambayoyi uku ne za su raba mana su. Wane irin ƙarfi aka sa wa abin? In an sake shi, yana komawa yadda yake ko ya zauna a sabon fasali? Idan kuma mutum ake siffantawa, hannun wa ke yin lanƙwasar, nasa ko na wani?

Dalilin yawansu

Kafin tambayoyin, ya kamata mu san abin da ya sa harshe ɗaya ya tara kalmomi masu yawa haka a kan abu ɗaya. Amsar tana cikin tarihin Ingila. Turancin dauri yana da nasa kalmomin, gajeru, na gida da gona, irin su bend da soft da lithe. Ita bend ɗin ma asalinta ɗaura wa baka tsirkiya ne, kuma tun da baka ba ya ɗauruwa sai ya lanƙwashe, sai ma'anar ta koma lanƙwasa. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, ya bar wa Turanci kalmomi irin su supple da pliant da pliable. Bayan wannan kuma malamai da masu bincike suka riƙa ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransancin. Ta nan aka samu flexible da malleable da ductile da plastic da elastic.

Harshe ba ya ciyar da kalma biyu a kan aiki ɗaya. Idan suka haɗu, ko ɗaya ta mutu, ko su raba gado. Waɗannan raba gadon suka yi, kowace ta kama nata ɓangaren.

Tambaya ta farko: wane irin ƙarfi?

Flexible ita ce uwar ɗaki, ita ce mafi faɗi. Ta fito daga kalmar Latin flectere, wato lanƙwasa. Duk abin da zai lanƙwashe bai karye ba, ya cancanci sunan: tiyon ban ruwa, tsumagiya, wayar caja, ƙashin bayan yaro. Kalmar ba ta ce abin yana da laushi ba, ba ta kuma ce lanƙwasa shi sauƙi gare ta ba. Fiffiken jirgin sama flexible ne, yana ɗagawa yana sauka a cikin iska, amma ba wanda zai tanƙwara shi da hannu. Alkawari ɗaya kalmar ta ɗauka, shi ne ba za a ji ƙas ba.

Pliable da pliant 'yan ɗaki ɗaya ne, daga Faransanci plier, shi kuma daga Latin plicare, ninkewa. Filayar da ke hannun bakanike da mai gyaran wuta, wadda muka ara daga pliers, 'yar wannan gida ce, domin aikinta ke nan, kama waya a tanƙwara. Abin da pliable ta ƙara a kan flexible shi ne sauƙi da kuma hannu. Abu ne da yatsu za su juya shi yadda suke so ba tare da kokawa ba. Ku lura da mai saƙar tabarma. Busasshiyar kaba in ya ninke ta tsagewa take yi, don haka sai ya yayyafa mata ruwa, ya rufe ta, ya ba ta lokaci. In ya dawo ya ɗauki zare ɗaya ya naɗe a yatsa, ya ga ya bi bai tsage ba, to ta yi. Wannan hali da kabar ta shiga bayan ta sha ruwa, shi Turanci ke kira pliable.

Supple ta fi kusa da fata da jiki. Ba lanƙwasuwa kaɗai take nufi ba, har da santsi da taushi da rashin tsagewa ko tattarewa komai yawan ninki. Ita ce kalmar da masu sayen fata ke yabon kirgi da ita. Fatar jan akuyar Sakkwato da majemanmu ke jemewa da bagaruwa, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, wannan halin na cikin abin da ya sa masu ɗinkin bangon littafi a Turai suke nemanta. Haka nan ana cewa jikin ɗan rawa ko ɗan wasan motsa jiki supple ne. Kusa da ita akwai lithe da limber, waɗanda suka fi zama a kan jikin mai rai. Lithe tana ɗauke da siranta da kyan tafiya, irin na barewa. Limber kuma ta 'yan wasa ce, shi ya sa ake ce wa miƙe gaɓoɓi kafin shiga fili limbering up.

Yanzu mu shiga maƙera, inda kalmomi biyu da aka fi rikitawa suke zaune. Malleable daga malleus take, guduma da Latin. Ƙarfen da za a ɗora a kan uwar maƙera a yi ta bugu yana baɗewa yana faɗi, bai tsage ba, bai farfashe ba, shi ne malleable. Tsohuwar kalma ce a Turanci, domin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita a labarinsa na masu da'awar mayar da ƙaramin ƙarfe azurfa. Ductile kuwa daga ducere take, ja ko jagoranta. Ƙarfen da za a zura a ƙaramin rami a ja shi ya miƙe ya zama waya bai tsinke ba, shi ne ductile. Ɗaya dannawa ce, ɗaya ja ce. Zinariya ta haɗa duka biyun fiye da kima: giram 1 ana iya buga shi ya zama falle mai faɗin kusan murabba'in mita 1, ana kuma iya jan sa ya zama waya mai tsawon fiye da kilomita 2. Jan ƙarfe ma yana da duka biyun, shi ya sa wayoyin lantarki da shi ake yi. Dalma ce ke nuna mana cewa halayen biyu ba ɗaya ba ne. Tana buguwa cikin sauƙi ta yi faɗi, amma in aka ce za a ja ta ta zama siririyar waya, ba ta nisa take tsinkewa. Saboda haka ɗalibin kimiyya da ya rubuta malleable a inda ake nufin ductile ya faɗi tambayar, ko da ƙamus ɗinsa ya ce masa ma'anarsu ɗaya.

Plastic ta mai ginin tukunya ce. Asalinta Girkanci plassein, wato mulmula abu a ba shi siffa, kamar yadda ake yi wa yumɓu. Kalmar ta yi ƙarnuka a Turanci a matsayin siffa kafin a san kayan da muke kira roba. Leo Baekeland bai ƙirƙiro Bakelite ba sai a 1907, amma tun ƙarni na 19 likitoci ke cewa plastic surgery. Mutane da yawa suna zaton ana kiran tiyatar haka ne don ana sa wa mutum roba a jiki. Ba haka ba ne, ana nufin tiyatar sake fasali, ta gyara leɓen da ya tsage ko fuskar da wuta ta ƙona. Haka nan plastic arts na nufin sassaƙa da gini da yumɓu, fasahar da ake ba abu siffa da hannu.

Tambaya ta biyu: yana komawa?

A nan ne Bahaushe ya fi bukatar ya buɗe ido, saboda wani dalili da ke cikin harshenmu. Mun ari kalmar roba daga rubber, muka shimfiɗa ta a kan komai. Bokiti roba ne, kujera roba ce, abin da ke ƙugun wando roba ne, abin ɗaure kuɗi ma roba ne. Amma a Turancin kimiyya elastic da plastic kishiyoyin juna ne. Elastic shi ne abin da in ka ja shi ko ka danne shi ka saki, zai koma yadda yake. Plastic shi ne wanda in ka saki zai zauna a inda ka kai shi. Robar ɗaure kuɗi elastic ce, ɗanyen yumɓu plastic ne.

Elastic ta shigo Turanci ne a ƙarni na 17 ta hannun masu binciken iska. Robert Boyle ya wallafa gwaje-gwajensa a 1660 yana nuna cewa iska in an matse ta tana turowa kamar sifirin. Robert Hooke, wanda ya yi masa aiki, ya fito da ƙa'idarsa a fili a 1678: gwargwadon ƙarfin da ka ja sifirin, gwargwadon miƙewarsa. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Duk wanda ya taɓa cire sifirin ɗin biro ya ja shi ya san wannan. Ka ja kaɗan, ya koma. Ka ƙara, ya koma. Ka zarce wani wuri, shi ke nan ya saki, ya zama miƙaƙƙiyar waya mai karkace-karkace, ba zai sake shiga biron ba. Injiniyoyi suna kiran wannan wuri elastic limit, abin da ya faru bayansa kuma plastic deformation. Ƙarfe ɗaya ne, amma kalmar da za a siffanta shi da ita ta danganta ga ko an wuce iyakar ko ba a wuce ba.

Masana tattalin arziki sun ari wannan kalma. Alfred Marshall na Cambridge, a littafinsa na 1890, shi ya yaɗa maganar elasticity of demand, wato yadda sayen kaya ke miƙewa ko ya tsuke idan farashi ya motsa. Gishiri ko ya yi tsada ba a fasa sayensa, ko ya yi araha ba a ninka abin da ake zubawa a miya, don haka ana ce wa bukatarsa inelastic. Kayan ƙawa kuwa da farashi ya ɗaga sai masu saye su watse. Babu masanin da zai ce supple demand ko pliable demand. Kalmar ta riga ta zama ta fannin.

Resilient daga resilire take, tsalle da baya. Ta yi kama da elastic, amma hankalinta ba ya kan miƙewa, yana kan farfaɗowa bayan matsi ko duka. Akwai wani abu da ya faru a Amurka da ya nuna nauyin wannan kalma. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa daga Florida, 'yan sama jannati 7 suka rasu. A cikin kwamitin bincike akwai masanin kimiyya Richard Feynman. A zaman da aka nuna a talabijin, ya ɗauki guntun robar zoben da ke toshe mahaɗar rokar, ya matse shi da ƙaramin maƙalin ƙarfe, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara. Da ya ciro ya kwance maƙalin, robar ba ta taso nan take ba, ta zauna a matse na ɗan lokaci. An harba kumbon ne da safiya mai tsananin sanyi, kuma aikin zoben shi ne ya taso da sauri ya cike giɓi kafin iskar wuta ta samu hanya. Robar tana nan flexible, tana lanƙwasuwa. Abin da ta rasa a cikin sanyi shi ne resilience, kuma kalmar da Feynman ya yi amfani da ita ke nan. Da ya ce flexibility da bai faɗi abin da ya kashe mutanen ba.

Daga nan kalmar ta koma kan mutane da al'umma, kuma a yau da wuya ka karanta rahoton wata ƙungiyar agaji a kan fari ko ambaliya ko gudun hijira ba ka ci karo da ita ba. Masu fassara sukan ce juriya. Juriya ta ɗauki rabin ma'anar, wato daurewa. Sauran rabin shi ne miƙewa bayan faɗuwa, a koma gona, a sake buɗe kasuwa. In ana son cikakkiyar ma'ana sai a ce juriya da farfaɗowa.

Tambaya ta uku: hannun wa?

Yawancin abin da muka faɗa zuwa yanzu a kan kaya ne, kuma kaya ba su da mutunci da za a zubar. Da zarar an ɗora waɗannan kalmomi a kan ɗan Adam, sai su rabu gida biyu, na yabo da na suka. Abin da ke raba su shi ne wanda ke da iko da lanƙwasar.

Idan aka ce ma'aikaci flexible ne, yabo ne. Shi ya duba hali ya ga ya dace ya sassauta, ya canja tsari, ya karɓi shawara. Ragamar tana hannunsa. Haka adaptable, wanda in an kai shi sabon wuri zai iya zama da shi. Haka resilient. Supple ma in an ce supple mind yabo ne, ƙwaƙwalwa ce mai saurin juyawa daga wannan fanni zuwa wancan, ko da yake asalin kalmar, Latin supplex, mai durƙuso ne yana roƙo, kuma a tsohon rubutu za ku tarar an siffanta bafade mai daɗin baki da ita ba don yabo ba.

Pliable da pliant kuwa, tun da asalinsu abin da yatsun wani ke juyawa ne, a kan mutum suna nufin wanda ba shi da tsayuwa. Turawan Ingila sun daɗe da sanin wannan ta hanyar littafin John Bunyan, The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678. A farkon labarin maƙwabta biyu suka bi jarumin don su mayar da shi gida, ɗaya sunansa Obstinate, mai taurin kai, ɗayan Pliable. Mai taurin kan ya juya tun da wuri. Pliable kuwa da ya ji daɗin bayanin jarumin sai ya ce zai bi shi. Ba su yi nisa ba suka faɗa cikin taɓo, nan take ya fusata, ya fito ta gefen da ke kusa da gida, ya koma. Magana ce ta kawo shi, wahalar farko ta mayar da shi. Bunyan bai ɗauki ɗayansu a matsayin abin koyi ba.

Tsakanin pliable da pliant ma akwai ɗan bambanci a yadda ake amfani da su yau. Pliable ta fi yawa a kan kaya da ɗaiɗaikun mutane. Pliant ta fi yawa a rubutun siyasa, a kan hukumomin da ya kamata su tsaya da ƙafarsu amma suka sunkuya: pliant press, pliant judiciary, pliant parliament. Mai fassarar labarai da ya ga pliant parliament ya rubuta majalisa mai sauƙin kai ya yi wa mai mulki alheri bai sani ba. Abin da marubucin ke nufi shi ne majalisar 'yan amshin shata.

Malleable a kan mutum ta ɗan bambanta. Ba sunkuyawa take nufi ba, tana nufin halin mutum bai gama ƙanƙara ba, duk wanda ya riƙe gudumar zai iya ba shi siffa. Shi ya sa a kan yaro ba zagi ba ce, bayanin gaskiya ne, irin abin da Hausawa ke nufi da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan dattijo ko shugaba kuwa suka ce. Masana halayyar ɗan Adam ma suna amfani da ita ba da nufin yabo ko suka ba. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Wasu an tambaye su da kalma mai zafi, smashed, wasu da mai sanyi, hit. Waɗanda aka yi wa tambaya mai zafi sun faɗi gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Tun daga irin wannan bincike ake cewa tunawar ɗan Adam malleable ce, wato tambayar mai tambaya tana iya buga ta ta sake siffa. Wannan ya shafi alƙali da ɗan sanda da lauya kai tsaye.

Plastic kuma ta yi rassa biyu masu ban mamaki. A wurin likitocin ƙwaƙwalwa plasticity abin farin ciki ne, domin ita ce ke sa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ya iya sake koyon tafiya ko magana, ƙwaƙwalwar tana buɗe sababbin hanyoyi. Wannan tsohuwar ma'anar ce ta yumɓu. Amma a bakin mutanen titi, plastic smile murmushin ƙarya ne, na saman leɓe. Wannan sabuwar ma'ana ce da ta fito daga kayan roba masu araha da ke kwaikwayon na gaske. Ductile kuwa kusan ba ta bar maƙera ba. Da wuya a ji an siffanta mutum da ita a Turancin yau.

Ko ita flexible, wadda muka ce yabo ce, tana bukatar a yi mata wannan tambaya ta uku. A Birtaniya akwai dokar da ta ba ma'aikaci damar neman flexible working, wato ya nemi a sassauta masa lokacin aiki ko wurin yinsa, kuma daga Afrilun 2024 yana da wannan damar tun ranar da ya kama aiki. A nan sassaucin na ma'aikaci ne. Amma idan masana tattalin arziki suka ce flexible labour market, sau da yawa abin da ake nufi shi ne mai kamfani ya samu sauƙin ɗauka da sallama, ko ya ɗauki mutum ba tare da ya lamunce masa ko awa ɗaya ta aiki a mako ba. Kalmar ba ta canja ba, wanda ke cin moriyarta ne ya canja. Duk inda kuka gan ta a takardar yarjejeniya ko jawabin gwamnati, ku tambaya wa aka sassauta wa.

Ɗaliban fannin gwamnati sun san wani amfani nata na daban. James Bryce, masanin shari'a na Birtaniya, shi ya shahara da raba kundin tsarin mulki gida biyu, flexible da rigid, a rubutunsa da aka buga a 1901. Na Birtaniya flexible ne domin majalisa tana iya canja shi kamar yadda take yin kowace doka. Na Amurka rigid ne, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya da kashi uku cikin huɗu na jihohi sun yarda, kuma gyara 27 kacal aka yi masa tun da ya fara aiki a 1789. Na Nijeriya na 1999 ma a wannan gida yake, domin sashe na 9 ya bukaci amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36 bayan ta Majalisar Tarayya. A nan flexible ba yabo ba ce, rigid kuma ba zagi ba ce. Sunayen tsari ne kawai.

Yadda za a kama su

Ɗalibai sukan tambaya wane littafi ne zai warware musu wannan. Akwai iri biyu, kuma ya kamata a san bambancinsu. Na farko shi ne irin wanda likita Peter Mark Roget ya wallafa a 1852, wanda ake kira thesaurus. Shi jera kalmomi masu kusanci kawai yake yi, ba ya faɗin inda suka rabu. Yana da amfani ga wanda ya riga ya san kalmomin, ɗaya ta ɓace masa yana neman a tuna masa. Ga mai koyo kuwa tarko ne, kuma maɓallin da ke cikin kwamfuta mai ba da madadin kalma jikan wannan littafi ne. Iri na biyu shi ne wanda ke zama ya bambance. Hester Piozzi ta wallafa nata a 1794, kuma baƙi masu koyon Turanci ta yi wa shi. George Crabb ya biyo da nasa a 1816. Manyan ƙamusoshin yau suna da irin wannan bayani a ƙarƙashin wasu kalmomi, cikin ƙananan haruffa da yawancinmu muke tsallakewa. Ku daina tsallakewa.

Abu na biyu, ku riƙa koyon kalma tare da abokan zamanta. Masanin harshe J. R. Firth na Landan shi ya ja hankalin masana zuwa wannan fanni da ake kira collocation. Kada ka rubuta supple ita kaɗai a littafinka, rubuta supple leather. Rubuta malleable metal, ductile wire, elastic band, flexible hours, resilient community, pliant press. Bayan ɗan lokaci kunnenka da kansa zai ƙi malleable hours, ko da ba ka iya faɗin dalili ba.

Abu na uku na masu fassara ne. Kada ku nemi kalmar Hausa guda ɗaya da za ta tsaya wa kowace ta Turanci a ko'ina. Hausa ta raba nata gadon ta wata hanya daban, kuma ba ta gaza ba. Muna da laushi da taushi da danƙo da yauƙi da sassauci, muna da lanƙwasuwa da tanƙwaruwa da buguwa da miƙuwa, muna da tauri da gautsi a ɗaya ɓangaren. Siffar aikatau irin ta buguwa da jawuwa da ninkuwa tana yin aikin da Turanci ke yi da ɗafa-ƙeyar able da ible, kuma sau da yawa ta fi shi fayyace irin ƙarfin da aka sa. Ƙarfe mai buguwa ya isa ga malleable, mai jawuwa ya zama waya ya isa ga ductile. A kan mutum kuma, ku fara tantance ko marubucin yabo yake yi ko suka, sannan ku zaɓi tsakanin mai sauƙin kai, mai sassauci, marar tsayuwa, ko wanda ake juyawa. Kuskure a kan ƙarfe maki yake ci a jarrabawa, amma kuskure a kan mutum yana iya hana shi aiki ko ya wanke wanda marubuci ya yi niyyar tuhuma.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.